Sitiyari na karkarwa in na taka birki a kan gudu, me ke jawo haka?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan mota. Tawa jif ce Bajamushiya ƙirar 2012, ta Kwatano. In ina yawo a cikin gari, daga Tudun Wada zuwa PZ ko Sabon Gari, birkinta lafiya lau. Amma in na taso daga Kaduna, na kawo gab da Ɗan Magaji ina kan 100 ko 110 na fara rage gudu, sai sitiyari ya kama karkarwa a hannuna, abin taka birkin ma yana bugun tafin ƙafata. Da gudun ya sauko ƙasa da 60 sai ta nutsu. Ba a daɗe da canja mata fad na gaba ba, wato abin da ke matse faifan birki. Na mayar wa bakaniken, ya zagaya da ita bayan gareji ya dawo ya ce shi bai ji komai ba. Ga shi iyali nake ɗauka a cikinta, hankalina ya kasa kwanciya.

Ɗan Kwangila: Wa alaikumus salam. Alhaji ai maganin a kusa yake. Ka sayar ka sayi Corolla, canjin da ya rage ka kawo mu sha fura 😂

Shugaban Zaure: Ɗan Kwangila a dakata da wasa tukuna. Maganar birki ce, kuma mutum ya ambaci iyali.

Oga Mai Gareji: Alhaji sannu. Yaron da ya zagaya bayan gareji ba zai ji komai ba, don a can ko 40 ba zai kai ba. Amsa mini waɗannan. Da aka sa sabon fad, an canja faifan birkin ko a kan tsohon aka ɗora? Wa ya sayo fad ɗin, kai ko shi? Karkarwar a sitiyari ta fi ƙarfi ko a kujerar da kake zaune? Sannan in ka dawo daga tafiya, kana wucewa wajen wankin mota kai tsaye?

Baban Ummi: Oga, faifai dai ba a taɓa shi ba tun da na sayi motar. Fad kuwa yarona na aika Sabon Gari, ya samo wani da kuɗinsa bai kai rabin wanda aka fara gaya mini ba, kwalin ma iri ɗaya. Karkarwa a sitiyari take. Wanki kuma gaskiya ina shigowa gari nake tsayawa a wanke ta, ba na son shiga gida da ƙura.

Oga Mai Gareji: To ka ba da amsa da bakinka. Tunda a sitiyari take, faifan gaba ne, da na baya ne a kujera za ka fi ji. Ka taso daga Kaduna, ka wuce Jaji a guje, ka yi ta taka birki a wurin manyan motoci da wuraren da ake aikin hanya, ƙarfe ya yi zafi jau, sai yaron wanki ya saita masa ruwan sanyi da injin feshi. Faifai ya lanƙwashe ke nan. Ni a garejina ko a hannu na juya irin wannan faifan ina jin inda yake gogar fad yana saki.

Injiniya Samaru: Oga Mai Gareji, ina tare da kai cewa faifan gaba ne, kuma watsa wa ƙarfe mai zafi ruwa ba abin kirki ba ne. Sai dai galibin faifan da muke cewa ya lanƙwashe, in aka sa masa ma'auni za a tarar ba lanƙwasa ya yi ba, kaurinsa ne ya bambanta daga wani gefe zuwa wani. Bambancin wani lokaci ko kaurin silin gashi bai kai ba, amma a kan gudu taya na juyawa sau da dama a cikin daƙiƙa ɗaya, duk zagaye ɗaya wurin mai kauri ya tura fad baya, turin ya bi ta cikin man birki ya dawo ƙafarka.

Abin da ke kawo bambancin kaurin ya kasu. Akwai fad mara kyau wanda in ya ɗau zafi yake narkewa ya shafe a jikin faifai tabo-tabo, musamman in ka yi birki mai ƙarfi ka tsaya cak ka ci gaba da danne ƙafarka, misali a cunkoson Kwangila. A nan fad yake manne a wuri guda a kan ƙarfe mai zafi, har shatinsa yakan fito a jiki. Akwai tsatsa ko ƙasa da ake bari a mazaunin faifan lokacin ɗaurawa, sai ya zauna a karkace, a hankali ya cinye ta gefe ɗaya. Sai kuma aikin masu faci. Kowa ya ga yadda suke zura bututun ƙarfe a sifana su hau kai da ƙafa biyu suna tsalle. Noti ɗaya ya ɗauru fiye da kima, na kusa da shi bai kai ba. Littafin kowace mota ya faɗi iya ƙarfin da za a ɗaure taya da shi, akwai kuma sifana mai awo da aka yi don haka, amma masu ita a garin nan ba su da yawa.

Wani abin da masu manyan motoci ke mantawa shi ne nauyi. Jif irin ta Alhaji ta haura tan 2, ƙaramar mota kuwa tana wajen tan 1.3. Duk ƙarfin tafiyar nan birki ne ke mayar da shi zafi. Kuma zafin ba daidai da gudu yake hawa ba, ninkuwa yake yi. Mai tafiya a kan 120 yana ba birkinsa aikin da ya ninka na mai 60 sau 4. Mai 140 kuwa kusan ninki 2 na mai 100. Ga shi waɗannan motoci ba sa gaya maka kana gudu, gilashi a rufe, sanyi na kaɗawa, sai ka duba agogo ka ga inda allura take. Dokar hanya dai 100 ta ba ƙananan motocin gida a babban titi mai hannu biyu.

Oga Mai Gareji: Injiniya, ku da biro mu da sifana. Ko lanƙwasa ne ko kauri ne, faifan nan sai ya sauka. Amma maganar masu faci gaskiya ka faɗa, na sha yanke noti da ya ƙi kwancuwa.

Alhaji akwai tambaya ɗaya da ta rage. Kafin a canja fad, wata fitila ruwan ɗorawa ta kunna a gabanka?

Baban Ummi: Ƙwarai ta kunna, ita ce ma ta sa na kai ta. Bayan an gama aiki ta ƙi mutuwa, sai ya sake cire tayar ya yi 'yan dabarunsa, ta mutu.

Oga Mai Gareji: Innalillahi. Na san dabarar. A jikin fad na irin motocinku akwai wata 'yar waya da ake soka wa. In fad ya cinye ya kawo wurinta, faifai ya goge ta ta tsinke, fitila ta kunna. Ka ga wayar da ta riga ta tsinke ba ta komawa, sabuwa ake saya tare da fad. Wanda ba ya son wahala sai ya fere bakin wayoyin biyu ya murɗe su tare ya naɗe da salatif ya cusa a bayan kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe fad yana matse shi a jikin faifai. Fitila ta mutu, kuma ta mutu ke nan har abada. Ranar da wannan fad ɗin zai ƙare ba mai gaya maka, sai dai ka ji ƙarfe na cin ƙarfe. Gobe ka sa a cire tayar a gabanka ka leƙa da idonka.

Alhaji Mai Taki: Ni fa duk wannan bayanin ƙara mini hujja yake yi. Motar da sai an saya mata waya kafin fitila ta mutu, sai an sa mata kwamfuta kafin a canja birki, wannan ba motar ƙasarmu ba ce. Shekara da shekaru ina shiga ƙauyukan Giwa da Soba da motar Japan lokacin kai taki, ko a gindin bishiya ta tsaya akwai mai gyara ta. Jamusawa sun cika ƙaƙale. Injiniya kar ka ɓoye wa mutane, ba su ne suka taɓa yin wani birki na lantarki da ya zame musu jidali ba?

Injiniya Samaru: Ranka ya daɗe ba abin ɓoyewa. SBC ake kiransa, Mercedes da Bosch suka yi shi tare. Ya fara fitowa a SL a 2001, sannan aka sa wa E-Class daga 2002, da CLS ta farko. A tsarinsa ƙafarka ba ita ke tura mai kai tsaye ba, saƙo take aikawa, kwamfuta ta umarci wani famfon lantarki ya matse kowace taya gwargwadon buƙata. In yana lafiya birki ne mai kyan gaske. In ya samu matsala sai motar ta koma kan wani ɗan birkin ko-ta-kwana da ke kama tayoyin gaba kawai, kuma sai ka danna da ƙarfinka duka. A 2004 kamfanin ya kira motoci kusan 680,000 a dawo da su saboda shi, a 2005 ya sake kiran wasu miliyan 1.3 kan matsalolin da suka haɗa da birkin. Da aka sabunta E-Class a 2006 sai suka cire shi suka koma tsarin da aka saba.

Amma Alhaji, in kiran mota a dawo da ita ne abin gori, ba wanda ya tsira. A Fabrairun 2010 Toyota ta kira motoci sama da 400,000 masu haɗin fetur da batir, Prius da Lexus HS250h na ciki, saboda manhajar da ke sarrafa ABS, tsarin da ke hana taya ƙullewa in an taka birki. A 2024 BMW ta sanar da matsalar birki da ta shafi motoci sama da miliyan 1.5. Bambancinmu da su shi ne can wasiƙa ake aiko wa mai mota ya kai a gyara kyauta. Motar da ta tsallako teku ta biyo ta Kwatano ko Legas ta canja hannu uku kafin ta iso Zariya, wa zai aiko mata da wasiƙa?

Alhaji Mai Taki: To ai ka dawo kan maganata. Tunda ba mai aiko da wasiƙa, a sayi wadda ba ta buƙatar wasiƙa.

Ɗan Kwangila: Alhaji Mai Taki ya ci wannan zagayen 😂 Injiniya sai ka sake shiri.

Rewaya Muciya: Alhaji Mai Taki, da girmanka, motar Japan ta yanzu ma ba ta gindin bishiya ba ce. Manyan Lexus da sababbin Camry duk sun zo da birkin hannu na maɓalli da na'urori a kowace taya. Zamanin ne ya zo da haka. Bari in faɗi abin da nake gani a wurin aikina.

Birkin hannu na maɓalli, a yawancinsu akwai ɗan injin lantarki a bayan kalifar baya. Kafin a canja fad na baya dole a sa kwamfuta, ko a bi matakan da kamfani ya tsara, a ce masa ya ja da baya. Wanda bai sani ba sai ya kawo ƙarfe ya danna fistin da ƙarfin tsiya, haƙoran ciki su kakkarye. Aikin fad ya koma sayen kalifa sukutum.

Masu E-Class mai SBC kuwa, ku ja kunnen yaran gareji. In ba a kashe tsarin ba, buɗe ƙofa kawai ko danna makulli yana iya tayar da famfon ya matse fistin. In yatsan yaro na ciki a lokacin, sai dai a yi haƙuri.

Sannan ba duk fitilar da ta kunna ce ke nufin babban abu ya lalace ba. Batir in ya yi sanyi, fitilun ABS da na hana santsi sukan taso tare da safe. Da damina in mutum ya bi ta taɓo, laka ta toshe na'urar da ke ƙirga juyin taya, ko kara ya tsinke wayarta. Akwai kuma masu sa taya ɗaya da girmanta ya saɓa wa sauran, kwamfuta ta ga wata na juyawa fiye da 'yan'uwanta ta rikice. An taɓa kawo mini wata da aka riga aka yi wa mai ita kuɗin famfon ABS gaba ɗaya, ashe ɓera ne ya ci waya a bayan tayar hagu. Shi ya sa nake cewa a sa kwamfuta a karanta kafin a kwance komai.

Maman Hanif: Salamu alaikum, ku gafarce ni na shigo tsakiyar magana. Tawa matsalar daban ce. Birkin ba ya karkarwa, amma ya yi laushi, sai na taka ya yi nisa kafin ya kama. Direba ya ce mai ne ya ragu, yakan sayo ya ƙara. Rannan kuma a hanyar Basawa wajen da yashi ya kwanta na taka da ƙarfi saboda ɗan acaɓa, sai na ji abin takawar yana gurnani yana harbin ƙafata, na tsorata na saki.

Injiniya Samaru: Wa alaikumus salam Hajiya. Na biyun ba lalacewa ba ce, ABS ne ke aikinsa. Yana kamawa yana saki da sauri don kada taya ta ƙulle ki rasa sitiyari. In kin ji haka kada ki saki, ki ƙara dannewa ki juya inda kike so. Ki dai sani a kan yashi ko tsakuwa mota takan ɗan ƙara nisa kafin ta tsaya, don haka tazara ita ce abin riƙo.

Na farkon shi ne abin dubawa. Man birki ba ya ƙonewa yadda baƙin mai ke yi. In ya ragu kaɗan a hankali, fad ne ke cinyewa, fistin ya fito, mai ya bi shi. In kuwa ana ƙarawa yana sake raguwa, to yana zuba a wani wuri, kuma wannan motar bai kamata ta hau titi ba sai an gano wurin. A duba bayan kowace taya ta ciki ko akwai danshi, a duba robobin da ke kai mai, a duba ƙarƙashin masta, wato famfon da ke tura mai in an taka birki. Ki kuma gwada wannan a tsaye, inji na aiki: ki taka birki ki riƙe. In ƙafarki na nutsewa sannu a hankali har ƙasa alhali ba a ga zuba a waje ba, robobin cikin masta sun gaji.

Yaushe rabon da a zubar da man gaba ɗaya a sa sabo?

Maman Hanif: Ana zubarwa ne dama? Ni dai ƙari na sani.

Direban Jos: Hajiya ba ke kaɗai ba ce. Bari in ba ku labari, ni da na yi shekaru ina tuƙa wani maigida a babbar mota. Mun taso daga Jos za mu Akwanga, muka fara gangara Hawan Kibo. Mota cike, but cike. Ina tafe ina taka birki a kowace kwana, can sai na fara jin ƙauri. Kwana ta gaba na taka, ƙafata ta tafi har ƙasa ba abin da ya riƙe ta. Na yi ta bugawa da sauri-sauri har ya ɗan kama, na mayar da giya ƙasa da hannu, inji ya yi kuka, Allah ya sa akwai fili a gefe na saka ta. Maigida salati kawai yake yi. Abin mamaki, bayan mun zauna ta huce, birki ya dawo garau. Da muka kai gareji aka zuƙo man, baƙi ƙirin ya fito, an ce tun daga Turai ba a taɓa canja shi ba.

Tun daga ranar, duk gangara mai tsawo da ƙaramar giya nake sauka, ko motar mai canja giya da kanta ce. Na kuma ga direbobin haya da ke zuba ruwan omo in mai ya ƙare musu a daji. Allah dai ya kyauta.

Injiniya Samaru: Allah ya ƙara tsarewa Malam. Abin da ya same ku tafasa man ya yi. Man birki yana shan danshin iska a hankali, ta murfi da ta jikin robobi. Man birki mai lamba DOT 4 yana sabo ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin Salshiyas. In ya sha ruwan da bai kai kashi 4 cikin 100 ba, ƙa'idar ta sauko zuwa 155. DOT 3 kuwa 205 ne yana sabo, 140 in ya sha ruwa. Da ya tafasa sai tururi ya taru a bututu, shi kuma tururi matsuwa yake yi, shi ya sa ƙafa ke tafiya ƙasa a banza. In ya huce tururin ya koma ruwa, birki ya dawo, mutum ya ce aljanun hanya ne. Ruwan nan kuma shi ke cin famfon ABS da tsatsa ta ciki, kayan da ya fi komai tsada a tsarin. Kamfanonin Jamus duk shekara 2 suke cewa a canja.

Hajiya ki duba murfin tulun man, an rubuta irin wanda motar ke sha. A sayi gwangwani a rufe da hatiminsa, ba wanda aka buɗe aka ajiye a kan kanta tun bara ba. DOT 5 kuma daban yake, na silikon ne, ba a haɗa shi da sauran, kada lambar ta ruɗe ku. Kada kuma a kuskura a zuba man giya ko na sitiyari, kumbura robobin yake yi gaba ɗaya.

Shugaban Zaure: Wanda ya turo tallan filaye a Dogarawa, na goge. Ba nan ne wurinsa ba.

Oga Mai Gareji: Tunda an yi ta dukan bakanike tun safe, ku bari mu ma mu faɗi namu. Ban kare mai murɗe waya ba, wannan ha'inci ne. Amma Alhazai ku ji tsoron Allah. Mutum zai zo da motar miliyoyi, ka gaya masa fad da faifai da waya da mai, ya ce kai dai sa fad kawai tafiya gare ni. Ka faɗi kuɗin mai kyau ya ce ka cika tsada, ya aiki yaro. Yaro ya je ya sayo na ƙasa ya soke canji a aljihu. In ka ce ba za ka ɗaura ba a ce kana da girman kai, a wuce garejin gaba. In ka ɗaura ya fara ƙara bayan sati biyu, sunanka ne zai zaga gari. Kwamfutar da kuke cewa a sa, kuɗi muka sa muka saya, amma in ka ce a biya kuɗin dubawa sai a ce daga soka waya?

Kwali kuma kada ya ruɗi kowa. A Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano da nan Sabon Gari duk akwai mai kyau akwai jabu, wani lokaci a shago ɗaya, a kwali iri ɗaya. Mai kaya in ya ga ka san abin da kake nema, daga ciki yake ɗauko maka. Araha dai ba ta ado.

Baban Ummi: Jama'a na dawo daga gareji, wani daban na je. An cire tayar a gabana. Wayar tana nan yadda Oga ya faɗa, a murɗe da baƙin salatif. Faifan ya yi gaɓa a bakinsa har farce na maƙalewa, jikinsa da tabo shuɗi-shuɗi. Fad ɗin da ake cewa sabo har ya fara tsagewa ta gefe, ɗaya kuma ya fi ɗan'uwansa cinyewa. Yanzu an ba ni zaɓi: a kai faifan wajen masu inji a kankare shi, ko in sayi na Beljiyam, ko sabo.

Oga Mai Gareji: Kafin ka zaɓa a goge gefen faifan da burushin ƙarfe, akwai rubutu MIN TH da lamba a milimita. Wannan ne iyakar sirantar da aka yarda ya kai. A auna. In kankarewa za ta kai shi ƙasa da lambar, a jefar, don siririn faifai da wuri yake ɗaukar zafi, karkarwar kuma dawowa za ta yi. Faifan motocin Jamus da ma ba a ba shi nama da yawa ba, wanda ya yi gaɓa irin yadda ka faɗa da wuya ya tsira. Na Beljiyam shi ma sai an auna, wani ya riga ya cinye rabinsa a can. Ni sabo zan ce, kuma hagu da dama tare, ba a canja ɗaya.

Fad da ya cinye ɓangare ɗaya kuwa, sandunan da kalifa ke zamiya a kansu ne suka cije. A zare su a wanke a shafa man silikon. Kada a sa giris na yau da kullum, kada kuma a wanke robobin da fetur. A kankare tsatsar mazaunin faifai har ya yi fes kafin a ɗora. In an gama, ka samu hanya mara cunkoso da sassafe, irin ta Shika, ka kai 70 ka rage zuwa 20 ba tare da ka tsaya ba, ka maimaita kamar sau 8, sannan ka yi 'yar tafiya ya huce. Haka fad ke zama daidai a kan sabon faifai.

Alhaji Mai Taki: Ka ji lissafi. Kuɗin nan da buhun masara nawa zai saya.

Baban Ummi: Alhaji ko nawa ne ai bai kai kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Sabo zan saya, da kaina zan je.

Malam Na Gyallesu: Ina ta karatu ban ce komai ba. Injiniya, na ji an ce akwai wata sanarwa kan ML, gaskiya ne? Su ne suka cika garin nan yanzu.

Injiniya Samaru: Gaskiya ne Malam. A 2022 Mercedes ta kira ML da GL da R-Class kusan miliyan 1 a duniya, waɗanda aka ƙera tsakanin 2004 da 2015. Matsalar a sabo take, wato baƙin tulun nan da ke bayan masta mai ƙara wa ƙafa ƙarfi. Danshi na shiga ƙarƙashin wata roba da ke zagaye da shi, tsatsa ta ci mahaɗinsa. A Amurka har cewa aka yi masu motocin da abin ya shafa su daina hawa sai an duba. In motarka daga Amurka ta zo, ka kwafi lambar jikinta mai harafi da lamba 17, tana ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, ka sa a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, zai nuna maka in akwai kiran da ba a kai ta ba.

Ko ba wannan ba, duk motar da ta fito daga jihohin sanyi na Amurka ko Kanada a ɗaga ta a duba bututun birki na ƙarfe, domin gishiri suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Gwajin baƙin tulun nan kuma ba wuya: inji a kashe, ka taka birki sau da yawa har ya yi tauri, ka riƙe, ka tayar da mota. In ƙafarka ta ɗan nutsa, yana aiki. In ta tsaya ƙyam, ko kana jin huci ta wajen ƙafarka, a kai gareji.

Malam Na Gyallesu: Madalla, Allah ya saka da alheri. Bayan La'asar zan duba.

Maman Hanif: Oga Mai Gareji, an gano wurin zubar, robar tayar baya ce ta dama ta tsage, an canja. Za a zubar da man a sa sabo. Direba ya kawo gwangwani biyu a rufe, amma DOT 3 aka rubuta, murfin motar kuma DOT 4 ya ce. Mai shagon wai ya ce duk ɗaya ne.

Oga Mai Gareji: Ba ɗaya ba ne Hajiya. Kada a fasa hatimin, ya mayar ya karɓo DOT 4. Kuma ya ƙaro, biyun nan in ƙanana ne ba za su isa a wanke layin tayoyi huɗu ba, a nemi lita ɗaya. Ki ce su fara fitar da iska daga tayar da ta fi nisa da masta, kuma kada su bari tulun ya ƙafe suna cikin yi.